Tseren jiragen katamaran: ƙirar jirgi ce ke kawo nasara, ko gwanintar matuƙa?

Katamaran jirgin ruwa ne mai gangar jiki biyu. Ku ɗauka an jera dogayen kwale-kwale biyu irin na kogin Isa gefe da gefe, an haɗa su da gungume biyu a gicciye, an kafa doguwar sanda a tsakiya, an ɗaura mata babban ƙyallen da iska ke turawa. To wannan shi ne katamaran. Ba shi da injin da ke tura shi, ba ya shan mai. Duk da haka, na tsere a yau suna kusantar kilomita 100 a awa a kan ruwa, gudun da ko direban motar haya a kan kwalta ba kullum yake kai shi ba.

Masu saurarenmu da ke garuruwan bakin teku, da waɗanda ke ganin hotunan a wayar salula, sun sha tambayar mene ne ke sa wani jirgi ya bar wani. Gardamar iri ɗaya ce da ta filin sukuwa: doki ne ya ci, ko mahayi? Tarihin wannan wasa ya ba da amsa mai rassa biyu. Inda doka ta bar kowa ya ƙera jirginsa yadda ya ga dama, masu ƙira da masu kuɗi ke da babban rabo. Inda aka tilasta wa kowa shiga jirgi iri ɗaya, sai kai da hannun mutanen ciki. A manyan gasanni kuwa abubuwan biyu sun sarƙe, domin sabon jirgi ba ya nuna iyakar gudunsa sai ya samu mutanen da suka koyi halinsa.

Asalin jirgin

Sunan ya fito daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda masunta ke kiran itatuwan da suka ɗaure wuri guda suna shiga teku da su "kattumaram", wato ɗaurarren itace. Amma jirgi mai jiki biyu na sosai, mutanen tsibiran tekun Fasifik ne suka gwanance da shi tun ƙarnoni masu yawa. Da irinsa suka isa Hawayi da ƙasar da ake kira Niyu Zilan a yau, suna bin taurari da igiyar ruwa.

Turawa sun daɗe suna yi masa kallon abin wasa. A 1876 wani maƙerin jirage Ba'amurke, Nathanael Herreshoff, ya shiga wani tsere a birnin New York da katamaran ɗinsa mai suna Amaryllis, ya bar jiragen da suka fi nasa girma da tsada. Masu manyan jirage suka yi ƙorafi, aka ware irin nasa daga tseren da aka saba. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka samu kayan ƙira marasa nauyi, katamaran ya dawo da ƙarfinsa. A 1967 aka fito da samfurin Tornado a Ingila, wanda ya shiga wasannin Olamfik daga 1976 har zuwa 2008. A 1968 kuma Hobie Alter na jihar Kalifoniya ya fito da ƙaramin Hobie 14, wanda ake iya jan shi a kan rairayin bakin teku, ya sa wasan ya shiga hannun mutane masu matsakaicin ƙarfi.

Abin da ƙira ke yi wa gudu

Abu na farko shi ne faɗi. Iska idan ta bugi ƙyalle daga gefe, kifar da jirgi take so ta yi. Jirgi mai jiki ɗaya yana kare kansa da wani nauyin dalma da ake rataya masa a ƙarƙashi, wani lokaci rabin nauyin jirgin gaba ɗaya. Katamaran ba ya buƙatar wannan kaya. Kamar ɗan kokowa ne da ya ware ƙafafunsa: tazarar da ke tsakanin jikin biyu ita ke riƙe shi. Da yake bai ɗauki dalma ba, sai ya zama sakayau, kowane jiki siriri kamar wuƙa, yana yanka ruwa ba tare da ya tura tulin ruwa a gabansa ba. Idan iska ta yi ƙarfi, jikin da ke ɓangaren iska yakan ɗaga sama, jirgin ya rage taɓa ruwa, gudu ya ƙaru.

Wannan alheri yana da kuɗinsa. Jirgi mai dalma idan ya karkata, nauyin na dawo da shi tsaye. Katamaran idan ya wuce iyaka ya kife, babba dai ba ya tashi da kansa. Akwai kuma wata faɗuwa da matuƙa suka fi tsoro: hancin jirgin ya nutse cikin igiyar ruwa yana tsaka da gudu, baya ya taso, jirgin ya wuntsila ta ka.

Abu na biyu shi ne abin da ke kama iska. A da ƙyalle ne zalla. A manyan jiragen tsere na yanzu an maye gurbinsa da ƙaƙƙarfan fiffike irin na jirgin sama, amma a tsaye. Yana da gaɓoɓi da ake lanƙwasawa gwargwadon ƙarfin iska, kuma ba ya kaɗawa ko ya canja siffa kamar ƙyalle. Iskar da ke bi ta bayansa ta fi ta cikinsa sauri, wannan bambanci ne ke jan jirgin gaba.

A nan ne mutane da yawa ke mamaki: ta yaya jirgin da iska ke turawa zai fi iskar gudu? Duk wanda ya hau kabu-kabu ranar da ko ganye ba ya motsi ya san yana jin iska a fuskarsa, iskar da gudunsa ya haifar. Haka jirgin yake. Yana fara gudu sai iskar gudunsa ta haɗu da iskar Allah, fiffiken ya samu iska mai ƙarfi fiye da wadda mutumin da ke tsaye a gaɓa yake ji. Da haka manyan katamaran ke ninka gudun iska sau biyu, wani lokaci har sau uku. Sharaɗin kawai kada su bi bayan iska kai tsaye, sai dai su yanke ta a karkace.

Abu na uku, wanda ya juya wasan gaba ɗaya, shi ne takubban ƙarƙashin ruwa, waɗanda Turawa ke kira foyil. Dogayen alluna ne na zaren kabon da ke sauka daga jikin jirgin, ƙarshensu a lanƙwashe kamar ƙaramin fiffike. Idan kun taɓa fitar da tafin hannu ta tagar mota kuka ɗan karkata shi, kun ji yadda iska ke ɗaga shi. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka allo mai faɗin ƙyauren ɗaki ya isa ya ɗaga jirgi mai tan da yawa. Da gudu ya kai wani mataki, sai jikin jirgin duka ya fita daga ruwa, ya rage takubban kawai a ciki. Jan da ruwa ke yi masa ya ragu ƙwarai, gudu ya yi tsalle.

Masu ƙira suna da zaɓi mai wuya a nan. Babban takobi yana ɗaga jirgi da wuri ko iska ba ta da ƙarfi, amma yana rage gudu idan ta taso. Ƙarami yana da sauri, amma a iska mai laushi jirgin ba ya tashi. Kuma wajen kilomita 90 zuwa 100 a awa, ruwan da ke kewaye da takobin yana fara kumfa kamar yana tafasa, takobin ya rasa abin riƙo, jirgin ya soma rawa. Wannan ita ce katangar da injiniyoyi ke fama da ita har yanzu.

Aikin mutanen ciki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A babban katamaran na tsere kowa da aikinsa. Matuƙi na riƙe da sitiya. Mai kula da fiffike yana sassauta shi ko ya ɗaure shi kowane sakan, don kada jirgin ya kife kuma kada ya rasa ƙarfi. Akwai mai kula da tashi, wanda ke daidaita takubba: idan jirgin ya yi sama da yawa takobin ya fito daga ruwa su faɗo, idan ya yi ƙasa jikin ya taɓa ruwa gudu ya mutu. Akwai masu murɗa hannu, ƙarfafan samari da ke juya wasu ƙarafa kamar na injin markaɗe, su ne ke samar da ƙarfin da ake motsa fiffiken da shi. Sai mai dabara, wanda idonsa ba ya kan jirgin. Yana kallon fuskar ruwa can gaba, inda ya ga ruwan ya yi duhu ya san iska na tafe, yana lura da abokan hamayya da kuma inda ruwan teku ke ja.

Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Idan alamar da za a zagaya tana inda iska ke fitowa, sai an yi tafiyar maciji, a karkata dama a karkata hagu. Kowace juyawa kuwa asara ce, kuma katamaran ya fi jirgi mai jiki ɗaya shan wahala a nan: ga faɗi, ga rashin nauyin da zai ci gaba da tura shi. Wanda bai iya ba, sai jirgin ya tsaya masa cak hanci cikin iska. A jirage masu tashi, gwanaye na juyawa ba tare da jikin ya taɓa ruwa ba. A cikin ƴan sakanni ana saukar da takobi ɗaya, a ɗaga ɗaya, a juya fiffike, mutane su tsallaka a guje daga wannan jiki zuwa wancan a kan raga, jirgin na gudun mota. Mutum ɗaya ya makara da sakan guda, jirgin ya faɗa ruwa, abokin hamayya ya ba su mita ɗari ko fiye.

A ƙananan katamaran na mutum biyu, jikin ɗan wasa ma kayan aiki ne. Suna rataye kansu da waya daga saman sanda, su miƙe a waje da jirgin, ƙafafu kaɗai ke taɓa gefensa, domin nauyinsu ya danne ɓangaren da iska ke ɗagawa. Taku ɗaya gaba ko baya na canja yadda hancin jirgin ke zama a ruwa.

Sai kuma farawa. Ba a tsaye ake fara wannan tsere ba. Jirage na yawo a bayan layi agogo na tafiya, kowa na son ya ƙetare layin da cikakken gudu daidai lokacin da aka busa. Wanda ya riga lokaci a hukunta shi, wanda ya makara ya shiga gurɓatacciyar iskar da na gaba ya bari. Doka kuma ta ce idan jirage biyu suka nufi juna, wanda iska ke shigo masa ta dama shi ke da hanya. Gwanin matuƙi na amfani da wannan doka ya matse abokin karawarsa har ya yi laifi.

1988: ranar da ƙira ta gama magana

Kofin Amurka shi ne kofi mafi tsufa a tseren jiragen iska, tun 1851 ake fafatawa a kansa. A 1988 wani attajirin Niyu Zilan, Michael Fay, ya ƙalubalanci masu riƙe da kofin a San Diyego da wani ƙaton jirgi mai jiki ɗaya, tsawonsa inda ya taɓa ruwa kimanin mita 27. Tsohuwar takardar dokar kofin ba ta fayyace irin jirgin da za a kare shi da shi ba. Sai Dennis Conner da mutanensa suka zo da katamaran mai mita 18 da ƙaƙƙarfan fiffike. An yi zagaye biyu a watan Satumba, Conner ya ci na farko da tazarar fiye da minti 18, na biyu da fiye da minti 21. Matuƙan Niyu Zilan ba su yi wani kuskuren da za a nuna ba. Tun a teburin zane aka cinye su. Rigimar ta koma kotunan New York, sai a 1990 aka tabbatar wa San Diyego kofin.

A 2010, a Balensiya ta ƙasar Sifaniya, ƙira ta sake yanke hukunci, amma wannan karo katamaran ne ya sha kaye. Jirgin Alinghi na Suwizalan ya faɗi sau biyu a gaban jirgin Oracle na Amurka mai jiki uku, wanda aka kafa wa fiffike mai tsayin mita 68.

2013: jirgin da aka koya ana cikin gasa

Bayan wannan nasara, masu Oracle suka tsara cewa gasa ta gaba da katamaran za a yi ta, samfurin AC72: tsawo mita 22, faɗi mita 14, fiffike kusan mita 40, mutum 11 a ciki. An rubuta dokar ƙirar ta yadda ake ganin jirgin ba zai iya tashi sama ba. Injiniyoyin Niyu Zilan suka gano cewa idan an hana sa wa takobi ƙananan gaɓoɓi masu motsi, ba a hana karkata takobin gaba ɗayansa ba. A 2012 aka ga jirginsu na shawagi a ruwan Okland, sauran ƙungiyoyi suka shiga bin sawu.

Jiragen sun zo da haɗari. A watan Oktoba na 2012 jirgin Oracle na farko ya wuntsila a San Faransisko, fiffikensa ya ragargaje. Ranar 9 ga Mayu 2013 jirgin ƙungiyar Artemis ta Suwidin ya kife a wurin atisaye, Andrew Simpson, ɗan Ingila mai lambar zinariya ta Olamfik, ya maƙale a ƙarƙashinsa ya rasu. Bayan rasuwarsa aka rage iyakar ƙarfin iskar da za a yi tsere a cikinta, aka ƙara kayan kariya.

A wasan ƙarshe, cikin watan Satumba, wanda ya fara tara maki 9 shi ke da kofi. Oracle ta shigo da bashin maki biyu, hukuncin da alƙalai suka yi mata kan sauye-sauyen da aka yi wa ƙananan jiragenta ba bisa ƙa'ida ba a gasannin share fage. Tun farko aka ga jirgin Niyu Zilan, ƙarƙashin Dean Barker, ya fi gudu idan ana haurawa wajen iska, kuma mutanensa sun fi iya juyawa. Bayan zagaye na biyar Oracle ta nemi hutu, ta sauke mai dabararta John Kostecki, ta sa Ben Ainslie na Ingila, mai zinariya huɗu a Olamfik. Duk da haka maki suka kai 8 da 1. Saura zagaye ɗaya Niyu Zilan ta ɗauki kofi.

Har ta kusa ɗauka. A wani zagaye da iska ta yi laushi, jirgin Barker na gaba da tazara mai nisa, sai minti 40 da doka ta ware wa zagaye suka cika kafin ya kai layi, aka soke shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ɓangaren Oracle, masu gyara na kwana suna ƴan sauye-sauye a jikin jirgin, matuƙa kuma suna nazarin hotunan yadda abokan hamayyarsu ke juyawa. Suka canja yadda suke ɗaure fiffike, suka daina matse hancin jirgin kusa da iska, suka ɗan sake shi don gudu ya ƙaru har ya tashi sama ko ana haurawa. Hanya ta ƙara tsawo, amma gudun ya biya. Jimmy Spithill da mutanensa suka ci zagaye takwas a jere. Ranar 25 ga Satumba suka ci na ƙarshe da tazarar sakan 44, aka tashi 9 da 8.

Jirgin da aka yi ta bari a baya a makon farko, shi ne dai ya gagara a mako na uku. Gudun na cikinsa tun farko, mutanen ne suka makara wajen gano shi.

2017: ƴan keke a cikin teku

Shekara huɗu bayan haka aka haɗu a tsibirin Bamuda da ƙananan jirage, samfurin AC50, kimanin mita 15, mutum shida. Doka ta daidaita jikin jiragen da siffar fiffike, ta bar wa injiniyoyi takubba da hanyar sarrafa su. Duk motsin fiffike da takubba da matsin mai ake yin shi, kuma ƙarfin mutum ne kaɗai aka yarda ya samar da wannan matsi.

Sauran ƙungiyoyi suka tsaya kan murɗa hannu. Niyu Zilan ta kafa kekuna huɗu a kowane jiki na jirginta, tunda ƙafa ta fi hannu ƙarfi. Ta ɗauko har da Simon van Velthooven, ɗan tseren keke da ya ci tagulla a Olamfik na Landan a 2012. Ta yi atisayenta a gida, ba ta nuna kekunan ba sai a watan Fabrairu na 2017, lokacin da ya yi wa sauran wuya su sake ƙira. Ribar ba ƙarfi kaɗai ba ce. Mai tuƙa keke hannuwansa a sake suke, don haka Blair Tuke na taka feda yana daidaita takubba. Glenn Ashby na sarrafa fiffike da ƴar na'ura a hannu. Matuƙi Peter Burling, ɗan shekara 26, aka sauke masa nauyi, ya samu sararin kallon fili. Ƙirar jirgin ce ta sake raba aiki tsakanin mutane.

Ba su tsira daga haɗari ba: ranar 6 ga Yuni jirginsu ya wuntsila ta ka a karawarsu da Ingila, masu gyara suka tashe shi cikin ƴan kwanaki. A wasan ƙarshe suka doke Oracle da maki 7 da 1.

Idan jirage duka iri ɗaya ne

Wanda ke son ganin gwanintar mutum tsantsa, sai ya dubi gasannin da kowa ke shiga jirgi iri ɗaya. A Olamfik, tun 2016, samfurin Nacra 17 ake amfani da shi, mai tsawon mita biyar da ƴan kai, kuma dole namiji ɗaya da mace ɗaya. Ana tsere da yawa cikin kwanaki, na ɗaya ya samu maki ɗaya, na biyu maki biyu, mai mafi ƙarancin maki shi ya ci.

A Riyo ta Barazil a 2016, zinariya ta tafi ga Santiago Lange da Cecilia Carranza na Ajantina. Lange na da shekara 54, kuma shekara guda kafin nan likitoci suka yanke masa wani sashe na huhu saboda ciwon daji. Abokan karawarsa da yawa sa'o'in ƴaƴansa ne. Amma mashigin ruwan Riyo wuri ne mai duwatsu da ke karkatar da iska, ga ruwa mai ja ta ko'ina, kuma su biyun sun tare a can watanni suna koyon halinsa. A tseren ƙarshe an hukunta su sau biyu, suka farfaɗo, suka ci da bambancin maki ɗaya tak a kan Ostireliya. Daga wasannin Tokiyo aka sa wa Nacra 17 takubban tashi, Ruggero Tita da Caterina Banti na Italiya suka ci zinariya a can, suka sake ci a 2024 a ruwan Marsey.

Bayan 2017 Niyu Zilan ta mai da Kofin Amurka kan jirage masu jiki ɗaya. Sai Larry Ellison, mai kamfanin Oracle, da Russell Coutts suka kafa wata gasa mai suna SailGP, wadda aka fara a Sidni a watan Fabrairu na 2019 da ƙasashe shida. Jiragenta, F50, daga AC50 aka samo su, amma duka iri ɗaya ne, masu gasar ke kula da su, kuma su ke faɗin girman fiffiken da kowa zai ɗaura ranar tsere gwargwadon iska. Abin da ya fi ban sha'awa, na'urorin da ke jikin kowane jirgi na tattara bayanan duk abin da aka taɓa, kuma kowace ƙungiya na da damar duba na sauran. Babu sirrin ƙira ke nan.

Duk da haka ba a zo daidai ba. Ostireliya, ƙarƙashin Tom Slingsby, wanda yana cikin jirgin Oracle a 2013, ta lashe kaka uku na farko a jere, da mutanen da suka daɗe tare har kowa ya san motsin ɗan'uwansa. Sifaniya kuwa ita ce ta ƙarshe a kaka ta uku, amma a watan Yuli na 2024 matuƙinta Diego Botín ya doke Ostireliya da Niyu Zilan a tseren ƙarshe na kaka ta huɗu, suka tafi da dalar Amurka miliyan biyu, sama da miliyar ɗaya na kuɗin CFA. Jirgin bai canja ba tsakanin shekarun biyu. A wannan gasa ce kuma ƙungiyar Faransa ta Quentin Delapierre ta kai kilomita 99.94 a awa a Saint-Tropez a watan Satumba na 2022.

A teku mai nisa

Akwai wani reshe na wasan da Faransawa suka fi shahara a kai, wato zagaya duniya ba tsayawa don neman kofin Jules Verne. A 1993 Bruno Peyron ya yi zagayen da katamaran cikin kwana 79. A 2005 ya sake yi da wani sabo mai suna Orange II cikin kwana 50. Matuƙi ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kusan wata guda: wannan aikin ƙira ne. Amma a can gwaninta wata iri ce dabam. Ana aiki bi da bi dare da rana, ana karanta taswirar yanayi don kauce wa guguwa, kuma babban sani shi ne sanin lokacin da za a rage gudu, domin jirgin da ya karye a tekun kudu ba shi da mai kawo masa ɗauki da wuri.

Abin lura ga mai kallo

Idan kun ci karo da wannan tsere a tele ko a waya, ku fara tambayar ko jiragen iri ɗaya ne. In kowa da ƙirarsa, ku dubi jirage biyu da ke tafiya gefe da gefe a miƙe: wanda ke zamewa gaba sannu a hankali, injiniyoyinsa ne ke cin nasara. In iri ɗaya ne, ku sa ido a wuri uku: wanda ya fara ƙetare layi da gudu, wanda jikin jirginsa bai taɓa ruwa ba wajen juyawa, da wanda ya rabu da jama'a ya nufi wani gefe shi kaɗai. Na ukun nan, ko dai mai dabararsa ya hango iskar da sauran ba su gani ba, ko kuma ya jefa su cikin rami. Kafin su kai alama ta gaba za ku san wanne ne.